Ina Kitsen Manomi Yake Tafiya?

A ƙauyukan Ajingi, daga Toranke zuwa Gafasa, ba sai ka duba kalanda ba kafin ka san damina ta yi tsakiya. Dubi wuyan manomi kawai. Mutumin da ka sani da kumatu a watan Janairu, in ka gamu da shi a Agusta yana dawowa daga maimai da fartanya a kafaɗa, za ka ga ƙashin wuya ya fito, idanu sun faɗa, mazagin wando ya yi rara har yana reto. Aiki ya kai maƙura a daidai lokacin da hatsin bara ya kusa ƙarewa. Sai gero ya nuna, a fara cin tumu, a yi girbi, kafin hunturu ya fita jiki ya koma yadda yake, kusan ba ragi ba ƙari. Haka ake yi kowace shekara, har mun daina tambayar inda abin da ya zube ya tafi, da kuma yadda aka yi ya san hanyar dawowa.

Abin da ya sa na koma kan wannan tambaya wata magana ce da na ji a wata majalisa a kan hanyar Gaya, tsakanin wa da ƙane. Wan dillalin shanu ne, duk Juma'a yana kasuwar Wudil, mutum ne mai jiki wanda in ya zauna sai benci ya amsa. Ƙanen siriri ne tun yana yaro, ya yi noma shekara da shekaru kafin ya buɗe ɗan shagon tireda. An gwada su duka biyu a asibiti. Sakamakon wan lafiya lau. Ƙanen aka ce yana da ciwon suga. Ya juya takardar a hannunsa ya ce, "Yaya, ni da ko kitsen da za a sa a miya babu a jikina, ina na samo ciwon masu ƙiba? Anya ba takardarka aka ba ni ba?" Wan ya ce, "Sai haƙuri, ciwo na Allah ne." Gaskiya ya faɗa, amma Allah ya sa wa kowane abu sanadi, kuma sanadin wannan yana ɓoye a cikin waccan tambaya ta wuyan manomi.

Mu fara daga teburin mahauci. Farin kitsen da yake yanka ya ɗora maka gyara, a ido kamar mataccen abu ne, dunƙulen maiƙo kawai. In aka sa shi a ƙarƙashin madubin likita sai a ga ashe taron ƙananan jakunkuna ne masu rai, kowace ɗaya ɗauke da ɗigon mai guda wanda ya cika ta har ya ture sauran kayan cikinta zuwa gefe. Sai ka jera kamar goma kafin su kai milimita ɗaya. Jijiyoyin jini suna ratsa tsakaninsu, jijiyoyin saƙo daga ƙwaƙwalwa suna isa gare su. Baligi yana ɗauke da biliyoyinsu, har da wanda muke kira siriri.

Dalilin da jiki ya zaɓi mai don ajiya a fili yake. Giram ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori 9, na suga ko sitaci 4 ne kawai, kuma shi suga ba ya ajiyuwa sai da ruwa mai yawa tare da shi. Duk sugan da hanta da tsoka ke iya riƙewa bai wuce kamar rabin kilo ba, abin da da ƙyar zai kai mutum kwana guda. Kitse kuwa yana iya riƙe shi makonni. Ƙwayar kitse rumbu ce, mai riƙe da makullinta kuma wani sinadari ne da ake kira insulin, wanda wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbin abinci, fankiriyas, take fitarwa. Ka ci tuwo ka ƙoshi, insulin ya ƙaru a jini, ya ce a zuba a rumbu kada a ɗiba. Ka wuni a gona da kokon safe kawai, insulin ya sauka, ƙofa ta buɗe, mai ya fito cikin jini ya nufi tsokar da ke ɗaga fartanya.

To, da ya isa tsoka ina ya shiga? Tambayi mutane za ka ji amsa iri-iri. Wani ya ce zufa ce, wani ya ce ta bayan gida yake fita, wani ya ce ya rikiɗe ya zama tsoka. A shekarar 2014 wasu masana biyu a Ostireliya, Ruben Meerman da Andrew Brown, sun yi wa likitoci da masanan abinci da masu horar da motsa jiki su 150 wannan tambaya, mafi yawansu suka ce ƙarfi ko zafi yake zama. Amma abu mai nauyi ba ya ɓacewa haka kawai. Sai suka zauna suka bi lissafin. Kitse haɗi ne na kabon da haidurojin da ɗan oksijin. In tsoka ta ƙona shi da iskar da muka shaƙa, abu biyu ne ke saura: iskar kabon da ruwa. Cikin kilo 10 na kitsen da mutum ya zubar, kilo 8.4 ta huhu yake fita, ragowar 1.6 ne ke zama ruwa ya bi fitsari da zufa da tururin baki. Wato manomin Ajingi numfasar da kitsensa yake yi, a kan kunya, a hankali, numfashi bayan numfashi. Wannan ba ya nufin mutum ya zauna yana haki zai rame. Sai tsoka ta yi aiki ta ƙona man tukuna, huhu mai kwashewa ne kawai.

An warware ɗaya. Saura dawowar.

Amsar ta biyu ta fito ne daga inda ba wanda zai zata, daga bam ɗin nukiliya. Dattawanmu suna tuna lokacin da Faransa ta fara gwada nata a Reggane, cikin saharar Aljeriya, ranar 13 ga Fabrairu 1960, da yadda gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961 saboda waɗannan gwaje-gwaje. Amurka da Tarayyar Sobiyet sun tayar da waɗanda suka fi wannan girma nesa ba kusa ba, har zuwa 1963 da aka yi yarjejeniyar daina gwaji a sarari. Fashe-fashen nan sun cika iskar duniya da wani nau'in kabon mai lamba 14. Tsirrai suka shaƙa, ya shiga gero da dawa da ciyawar da shanu ke ci, ya shiga jikin kowa. Daga 1963 kuma yawansa ya riƙa sauka shekara bayan shekara. Duk ƙwayar halittar da aka ƙirƙira a jiki tana kulle adadin na shekarar haihuwarta a cikin sinadarin gadonta, don haka in an auna shi ana iya faɗin shekarunta.

Kirsty Spalding da abokan aikinta a Cibiyar Karolinska ta Suwidin suka yi amfani da wannan a kan kitsen mutane, suka buga sakamakon a 2008. Sun gano cewa yawan ƙwayoyin kitse yana ƙaruwa a ƙuruciya da lokacin balaga, daga nan sai ya tsaya. Kusan kashi 10 cikin ɗari suna mutuwa kowace shekara, a maye gurbinsu da sababbi daidai adadin. Har mutanen da aka yi wa tiyatar rage tumbi suka zubar da kilo masu yawa, ƙwayoyinsu ba su ragu ba, motsewa kawai suka yi. Ashe damina ba ta rushe wa manomi rumbu ko ɗaya. Kwashe abin da ke ciki take yi, ginin yana nan tsaye yana jiran kaka.

Amma wa yake gaya wa mutum cewa rumbunansa sun yi ƙasa? Ba ya ganinsu. Duk da haka bayan girbi za ka ga cinsa ya buɗe, yana share malmala biyu yana neman ƙari, sai jiki ya cika kuma cin ya lafa da kansa. Dole akwai mai kai labari.

Wani ɓera ne ya fara tona asirin. A 1949, a ɗakin binciken Jackson da ke jihar Maine ta Amurka, aka lura da wasu ɓeraye da ba sa ƙoshi, suna ci har su ninka 'yan'uwansu uku a nauyi. Shekaru bayan haka Douglas Coleman ya yi wani gwaji mai wuyar kallo: ya ɗinke ɓera mai ƙiba da lafiyayye gefe da gefe, har jininsu ya riƙa gauraya. Sai mai ƙibar ya rage ci ya fara ramewa. Akwai abin da ke cikin jinin lafiyayyen wanda shi ba shi da shi. A wani gwajin da ya yi da wani jinsin ɓera mai ƙiba na daban kuwa, sai abin ya juye: lafiyayyen ne ya daina ci har yunwa ta kashe shi. Coleman ya ce wannan na biyun yana fitar da saƙon ƙoshi da yawan gaske, amma ƙwaƙwalwarsa ba ta ji, abokin ɗinkinsa ne ke ji. Sama da shekara ashirin aka yi ana neman wannan saƙo, sai a Disambar 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller a New York ya kamo shi. Aka sa masa suna leptin. Abin da ya girgiza masana shi ne inda yake fitowa: daga ƙwayar kitsen kanta, wadda aka ɗauka buhu ce kawai. In ta cika sai ta fitar da shi da yawa, in ta motse sai ya ragu, ƙwaƙwalwa kuma tana karanta adadin dare da rana.

A 1997 likitoci a Cambridge ta Ingila suka samu yara biyu 'yan'uwa, 'yan asalin Pakistan, waɗanda jikinsu ba ya yin leptin sam. Kullum cikin kukan yunwa suke, ƙiba kuma ta yi musu yawa tun suna ƙanana. Da aka fara yi wa irin waɗannan yara allurarsa sai cin ya daidaita, nauyi ya sauka. Duniya ta ɗauka an samu maganin ƙiba. Ba a samu ba, domin yawancin masu ƙiba leptin ɗinsu ya ma yi yawa, ƙarin allura ba ya canza komai. Daga baya aka gane cewa babban aikinsa ba ihun "ya isa" ba ne, ihun "an kusa ƙarewa" ne. In ya faɗi ƙasa, yunwa ta tsananta, jiki ya rage ƙona makamashi, mace ma al'adarta na iya ɗaukewa domin jiki ya ga ba lokacin ɗaukar ciki ba ne. Wannan ne ke mayar da manomi kan kwano bayan girbi. Shi ne kuma dalilin da ya sa nake jin zafi in na ji ana yi wa mai ƙiba gorin cewa ya kasa kame bakinsa. Wanda ya rame da ƙoƙarinsa yana kokawa ne da biliyoyin ƙwayoyi da ke kai ƙararsa wurin ƙwaƙwalwa ba dare ba rana.

Yanzu sai ƙanen dillali da takardarsa. Zato na farko shi ne ciwon ne ya ramar da shi, kuma hakan yana faruwa sosai: in insulin ya gaza, ƙofar rumbu a buɗe take kwana, mai yana zuba, suga yana bin fitsari, mutum yana ci yana ramewa, yana ta shan ruwa yana ta tashi cikin dare. Da yawa a nan ne ake cewa sammu ne ko shawara, a ɓata watanni ana jiƙe-jiƙe. Amma shi wannan siriri ne tun kafin ciwon. Dole a nemi wani bayanin.

Akwai wata lalura da ba ta cika faruwa ba, wadda likitoci suka bayyana a Barazil a 1954 da Nowe a 1959, inda ake haihuwar yaro kusan babu ƙwayoyin kitse a jikinsa. Jijiya da tsoka duk a waje. In da kitse ne abokin gaba, da waɗannan sun fi kowa lafiya. Sai ga shi su ne ke kamuwa da ciwon suga mafi wuyar sha'ani, hantarsu ta kumbura da mai. A shekarar 2000 masu bincike a Amurka suka ɗauki ɓeraye masu irin wannan lalura suka dasa musu kitsen lafiyayyun ɓeraye a ƙarƙashin fata, sai sugansu ya sauka. Kitse aka ƙara musu suka warke. A 2007 kuma ɗakin binciken Philipp Scherer, wanda ya gano wani sinadarin na ƙwayar kitse mai suna adifonektin a 1995, ya samar da ɓerayen da rumbunansu ke iya faɗaɗa ba iyaka. Suka yi ƙibar da ba a saba gani ba, amma sugansu ƙalau. Ta ɗaya ɓangaren, a 2004 an zuƙe wa mata 15 kimanin kilo 10 na kitsen ƙarƙashin fata ta hanyar tiyata a birnin St. Louis, aka auna su bayan watanni, yadda jikinsu ke amsa insulin bai gyaru ba.

Haɗa waɗannan ukun, amsa ta bayyana. Yawan kitse shi kaɗai ba shi ne ke yanke hukunci ba, tambayar ita ce ko yana da wurin zama. Muddin ƙwayoyin ƙarƙashin fata, na cinya da ɗuwawu da ƙugu, suna da sauran fili, mai yana kulle inda ba ya cutarwa. In suka cika maƙil sai su kumbura, su daina jin umarnin insulin, mai ya fara tsiyaya zuwa inda ba a gina don shi ba. Ya taru a cikin ciki kewaye da hanji, irin farin kitsen nan da ake yayewa daga kayan cikin rago ranar Sallah, wanda jininsa kai tsaye yake zuba cikin hanta. Hanta mai kitse ba ta jin insulin, sai ta yi ta sakin suga ko ba a buƙata. Tsoka mai kitse ta ƙi karɓar sugan. Daga ƙarshe mai ya isa fankiriyas ya kashe wa masu yin insulin gwiwa. Tun 1947 wani likita a Marseille ta Faransa, Jean Vague, ya lura cewa masu ƙibar ciki sun fi masu ƙibar cinya kamuwa da ciwon suga, aka daɗe ba a saurare shi ba.

Roy Taylor na Jami'ar Newcastle ya gwada maganar a jikin mutane a 2011. Ya sa masu ciwon suga 11 a kan ɗan taƙaitaccen abinci na mako takwas ƙarƙashin kulawar likita. Cikin mako guda kitsen hantarsu ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari, sugan safiya ya dawo daidai, tun jiki bai nuna wata rama ba. Shi ne ya kawo maganar cewa kowane mutum yana da iyakar abin da rumbunsa ke ɗauka. Na wani babba ne, na wani ƙarami. Dillalin Wudil yana da ɗaki har yanzu, ko da yake ba alkawari aka yi masa ba, don yawan ƙiba na ƙara haɗarin kai wa iyaka ga kowa. Ƙanensa kuwa, in ka lura da shi a tsaye, hannuwa da ƙafafu sirara ne, amma akwai 'yar teɓa da ta tura gaban rigarsa tun da ya bar gona ya zauna a shago. Kilo kaɗan ne, amma sun fi ƙarfin wurin ajiyarsa.

Me ke sa na wani ya zama ƙarami? Gado yana da hannu. Yunwar farkon rayuwa ma tana da nata. Nicholas Hales da David Barker sun kawo hujja a 1992 cewa jaririn da ya sha ƙarancin abinci a ciki ana gina shi ne da tsumulmula: ƙaramar tsoka, fankiriyas mai ƙarancin ƙarfi, jikin da ya shirya wa rashi. In daga baya ya haɗu da yalwa sai ya kasa ɗauka. A ƙauyen Keneba na Gambiya, inda masu bincike suka shafe shekaru da dama suna auna manoma masu damina irin tamu, an ga mata suna zubar da nauyi a tsakiyar damina, jariran da ake haifa a lokacin kuma sun fi ƙanƙanta. A nan gida, binciken da aka buga a 2010 kan mutum sama da dubu ɗaya a kasuwannin Inugu ya nuna cewa waɗanda aka haifa cikin yunwar yaƙin basasa sun fi waɗanda aka haifa bayanta hawan jini da matsalar suga a shekarunsu na arba'in. Ka tuna wannan in ka ga mai ciki a Ajingi a watan Agusta, ita ce ta ƙarshen cin abinci a gidan. Ɗan da take ɗauke da shi zai girma ya tarar da babur a maimakon tafiyar ƙafa, shayi mai suga cokali huɗu da burodi a maimakon koko, taliya da farar shinkafa da lemon kwalba a maimakon tuwon gero da miyar kuka. Ni a wurina abincin mai ciki da na ƙaramin yaro a damina shi ne rigakafin ciwon suga mafi arha da muke da shi, kuma shi ne wanda muka fi sakaci da shi.

A nan akwai gargaɗin da bai kamata a tsallake ba. Ba kowane siriri mai ciwon suga ne rumbunsa ya cika ba. Akwai waɗanda suka tashi cikin tamowa, ba teɓa ba komai, fankiriyas ɗinsu ce kawai ba ta yi ƙwari ba, insulin ɗin da take yi bai isa ba. An fara bayyana irinsu a Jamaika a 1955, a Afrilun 2025 kuma Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta amince da shi a taronta na Bankok a matsayin nau'i na 5. Ga kuma yara da matasa masu nau'i na 1, waɗanda ba sa rayuwa sai da allurar insulin. Waɗannan in aka ce su rage ci an cuce su. Likita ne zai bambance, ba mai shagon magani ba, ba kuma maƙwabcin da ya ce shi ma haka nasa ya fara ba.

Haka nan a yi hattara da ƙwayoyin maganin nan da ake kira sha-ka-fashe, da 'yan mata ke sha gab da biki don jiki ya ciko. Da yawansu dezametazon ne ko danginsa, maganin da ke da amfaninsa a hannun likita. In aka daɗe ana shansa yana tara kitse a fuska da bayan wuya da cikin ciki, ya cinye tsokar hannu da cinya, ya ɗaga suga da hawan jini. Daidai wurin da kitse ke yin ɓarna, can yake kai shi. Wadda ta jima a kansa kuma kada ta yanke shi rana ɗaya, sai likita ya saukar mata da shi a hankali.

Sikeli ba ya faɗin inda kitse yake, amma igiya tana faɗi. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin lafiya a Ingila ta ba da shawara a 2022 cewa ƙugun baligi kada ya kai rabin tsayinsa. Ka yanki igiya daidai tsayinka daga ƙasa zuwa tsakar kai, ka ninka ta biyu, ka zagaya da ita tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da ƙashin ƙugu, ba tare da ka shanye ciki ba. In bakin biyu ba su haɗu ba, ko da mutane na kiranka siriri, ka je asibiti da safe kafin ka karya a gwada maka suga, ka kuma nemi a auna hawan jininka a zuwan nan.